Layin Dogon Inugu: Abin Da Na Gano Ranar Da Na Bi Shi A Kan Keke

 

Yau ba maganar tsadar wake ko kuɗin lodi zan yi ba. Wata 'yar tafiya na yi a kan keke cikin watan Janairu, ni kaɗai, ba shiri ba sallama, wadda ta jawo mini fushin Baba na kwana uku cur. Na karɓi laifina, kuma zan faɗe shi a gaba ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Amma tun daga ranar akwai maganar da ta tsaya mini a rai game da mu Hausawan da aka haifa a nan Inugu da kuma tsohon layin dogon nan da ya ratsa tsakiyar gari, wanda muke tsallakawa kullum ba ma ko kallonsa. Ita nake so mu tattauna.

Ga yadda abin ya faru. Ranar Lahadi ce, kuma duk wanda ya san garin nan ya san ranar Lahadi kasuwar Ogbete ba ta ci, masu gari sun tafi coci, tituna fayau. Muna da wani tsohon keke Phoenix a shago wanda muke aike da shi, kariyarsa ta sha ɗaukar rabin buhun gurjiya zuwa gidajen mata masu yin okpa. Tayar baya ta kwana biyu tana sacewa, sai Baba ya ce in kai wa mai faci tunda yau ba aiki. Na kai, aka yi faci, aka ba ta iska, aka ɗan ɗaure birki. Na hau don in gwada, niyyata in kai ƙarshen layinmu in juyo. To da na iso inda hanya ta tsallaka digar jirgi wajen Ogui, sai na tsaya na waiga. Ga wata 'yar hanyar ƙafa ta bi gefen dogo ta miƙe sambal, har inda ido ya ƙare a cikin hazo. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na dai juya kan keke na bi ta. Babu ruwan sha a hannuna, Naira ɗari bakwai ce a aljihuna, wayata kuma saura ƙiris caji ya ƙare.

Shekarata ashirin da biyar a garin nan, a nan aka yanke mini cibiya, a nan na yi firamare da sakandare, amma wallahi ban taɓa sanin yadda layin nan yake ba da zarar ya wuce kasuwar Artisan. Na san dai Arewa ya nufa, shi ke nan.

Farkon tafiyar babu daɗi. Cikin gari an cinye layin ta kowane ɓangare. Wannan ya kafa rumfa, wancan ya ajiye mataccen mota, ga bola tuli-tuli, ga shanyar tufafi a kan dogon kansa. Wani wurin dole in sauka in tura keken, domin tsakuwar da aka zuba ƙarƙashin dogo ba ta barin taya ta zauna. Yara suna bi na suna ihu, “Onye Awusa! Onye Awusa!”, wato Bahaushe, ni kuma ina ɗaga musu hannu ina gaishe su da harshensu, sai su tsaya sororo sannan su fashe da dariya. Daga kowace kusurwa kiɗan coci kake ji.

Bayan kamar rabin awa sai gidaje suka fara raguwa. Na shiga wurin da gonakin rogo suke dama da hagu, ga itatuwan kwakwar manja da na kashu jefi-jefi, ciyawa ta bushe ta yi ja saboda hunturu. Ƙarar gari ta ɗauke gaba ɗaya, ba abin da nake ji sai kukan sarƙar keke da numfashina. Mai karatu, in kai ɗan kasuwa ne ka san abin da nake nufi in na ce mun manta yadda shiru yake. Daga asuba zuwa isha'i cikin ciniki muke, da ƙarar janareto, da hon ɗin 'yan keke Napep. Ranar nan na ji ƙirjina ya buɗe, har na tsinci kaina ina taka feda da ƙarfi ina dariya ni kaɗai kamar yaro.

A nan ne kuma na fara lura da abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Akwai wuraren da dogo yake nan daram, ya yi tsatsa amma ko ƙusa ba a cire ba. Akwai kuma wuraren da babu komai sai tsakuwa da ramuka a jere, inda aka tone ƙarafan da ake girkawa a gicciye ƙarƙashin dogon. Na tsaya na duba ƙarshen wani dogo da aka yanke, bakinsa ya narke ya yi baƙi, alamar da wutar gas aka yi aikin. Sai na fara kwatantawa. Duk inda ƙofar gidaje ke kallon layin, ko mata ke bi zuwa gona da rafi, ƙarfen yana nan. Duk inda ciyawa ta rufe hanya, ƙafa ta daina bi, an kwashe. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Na iso wata gada a kan rafi, na saɓa keken a kafaɗa na haye ina ta addu'a, domin kana ganin ruwa ta tsakanin ƙafafunka. Da na haye sai na zauna in huta, kakana marigayi ya faɗo mini a rai, Allah Ya jiƙansa. Ta wannan layin ya fara shigowa Inugu a shekarun 1950, yana saurayi, ɗan rakiyar shanu daga ƙasar Kano. A cikin tarago yake kwana tare da dabbobin, aikinsa ya tashi duk wadda ta kwanta don kada 'yan uwanta su tattake ta. Watau gadar da na haye ina rawar ƙafa, shi ya haye ta ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Bari in ɗan tuna mana tarihi, domin da yawanmu ba mu san shi ba. A 1909 Turawa suka gano kwal a tsaunukan Udi. Saboda kwal ɗin nan aka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, aka shimfiɗo dogo daga can har ya iso nan a 1916, tafiyar kilomita 243. Garin Inugu kansa a kewayen ramin kwal da tashar jirgi ya taso. Daga nan layin ya ci gaba zuwa Makurɗi, ya haɗe da Kaduna ta Kafanchan a 1927. Kafin a gama gadar Binuwai a Makurɗi a 1932, a kan jirgin fito ake tsallakar da taragu. Sai a 1964 dogo ya kai Maiduguri, ya zama daga Fatakwal zuwa can kilomita 1,443. Shanu, wake, gyaɗa, albasa da busasshen kifi su gangaro, manja da kwal da kayan kanti su haura. Unguwannin Hausawa da yawa a wannan yanki, daga nan har Umuahia da Aba, albarkacin jirgin nan suka yi ƙarfi. Kuma kada mu manta, magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, Malam Umaru Altine, Bafulatani ne mutumin Sifawa ta ƙasar Sakkwato, fataucin shanu ya kawo shi, mutanen garin nan kuma suka zaɓe shi a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC.

Layin nan ya ga baƙin ciki ma. A 1966 ta kansa dubban 'yan kabilar Ibo suka gudo daga Arewa, wasu da raunuka, wasu sun baro gawarwakin 'yan uwansu. A shekarar ce kuma aka ce duk wanda ba ɗan Jihar Gabas ba ya fice, kakana ya bar ɗakinsa da bashin da yake bin mutane ya koma gida. Aka yi yaƙi daga 1967 zuwa 1970. Da ƙura ta lafa ya dawo, ya bar harkar shanu ya kama ta hatsi, daga baya ya ɗauko iyalinsa, Baba yana yaro ƙarami. Ni dai a rayuwata sau ɗaya na ga layin nan da rai, lokacin da aka farfaɗo da jirgi a ƙarshen 2014 da farkon 2015, ina ƙaramin aji a sakandare, mukan ruga mu tsaya mu ga wucewarsa. Bai jima ba ya sake ɗaukewa. A watan Maris na 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin sabunta layin gaba ɗaya, a 2024 jirgi ya fara zirga-zirga tsakanin Fatakwal da Aba, kilomita 62. Har ranar da na yi wannan tafiya dai bai iso mu ba.

To mu koma kan keke. Na tashi daga bakin gadar na ci gaba, har na fara hango rufin masana'antun Emene da jirgin sama yana sauka, na san na yi kusan kilomita goma. Ina cikin tafiya sai wasu samari uku suka fito daga ƙarƙashin wata bishiya suka tare hanya, ɗaya riƙe da gora. Suka ce in sauka, na sauka. Tambayar farko da suka yi mini ita ce wa ya aiko ni in leƙo ƙarfe. Suka ce makon da ya wuce cikin dare an zo da mota an yanke dogo a bayan unguwarsu, kuma sun san masu sayen ƙarfe su wane ne. Ɗaya ya kama kariyar keken yana dubawa, ɗaya ya ce in ba shi wayata ya ga hotunan da na ɗauka. Wayar kuwa ta riga ta mutu, wannan ya ƙara musu zargi.

Gaskiya na tsorata, cikina ya ɗuri ruwa. Abin da ya fara taimakona bayan ikon Allah shi ne harshe. Na gaishe su da Ibo, na faɗa musu a nan aka haife ni, na ambaci unguwarmu da makarantar da na yi, na ce gurjiyar da ake yin okpa da ita mahaifina ke sayarwa. Murya ta ɗan sauka amma ba su sake ni ba, mutane kuma sun fara taruwa, ka san yadda taro yake, kowa da abin da zai ce. Ana cikin haka wani dattijo ya fito daga gidan da ke kallon layin, yana dogara sanda. Ya dube ni sama da ƙasa, sai kawai na ji ya ce da Hausa tsantsa, “Kai yaro, ɗan wane gari ne?”

Na ce, “Baba, iyayena mutanen Kano ne, ni kuwa nan aka haife ni.”

Ya ce, “To me ya kawo ka nan da ranar Lahadi?”

Na ce, “Wallahi Baba ba komai, faci na kai keke, na ga hanya na biyo.”

Ya yi dariya har da tari. Ya juya ya ce wa samarin nan, ɓarawon ƙarfe ba ya zuwa da rana tsaka a kan keken da ko buhu ɗaya ba zai iya ɗauka ba. Suka watse, mai gorar ma har da ba ni hannu.

Ashe tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya yi shekaru a Kafanchan bayan yaƙi, a can ya koyi Hausa. Ya zaunar da ni a kan benci, ya sa jikarsa ta kawo mini ruwa na sha, da lokacin azahar ya yi shi da kansa ya ce a ƙaro ruwa in yi alwala, ya nuna mini gabas. Na sayi okpa na ɗari uku a maƙwabta muka ci tare. Ya dinga lissafa mini tashoshi da ka, Emene, Eha-Amufu, Igumale, Otukpo, Makurɗi, Lafiya, Kafanchan, kamar mai karanta sunayen 'ya'yansa. Sannan ya faɗa mini maganar da ba ta yi mini daɗi ba amma na kasa musa ta. Ya ce, “Ɗana, yaranmu ne ke nuna wurin, yaranku ne ke ɗorawa a sikeli, manyan da ke da mota da kamfanin narka ƙarfe kuwa ba wanda ke ganinsu. In aka tashi duka, kai da ka zo wucewa za a kama.”

Ta titin mota na dawo, domin ƙafafuna sun gaji da tsakuwa. Na shigo unguwa bayan la'asar na tarar hankalin kowa a tashe. An je wurin mai faci, an je wurin abokaina, Inna tana ta kuka, Baba har ya fara shirin zuwa ofishin 'yan sanda. Bai ɗaga murya ba, ya dai ce, “Ka manta abin da ya faru a Uromi?” Yana nufin matafiya 16 'yan Arewa da aka kashe a Jihar Edo a watan Maris na 2025, a kan zargi kawai. Na sunkuyar da kai na ce, “Baba a yi haƙuri, na yi kuskure.” Kwana uku in na gaishe shi da kai yake amsawa.

Baba yana da gaskiya, kuma ina so ƙannena su ji wannan da kyau. Fita ba tare da sanar da kowa ba, waya ba caji, zuwa wurin da ba a san ka ba, wauta ce. Da dattijon nan ya tafi coci bai dawo ba, Allah kaɗai Ya san yadda za a ƙare. Ba na ba kowa shawarar ya yi yadda na yi.

Amma inda na rabu da wasu manyanmu shi ne darasin da suke so a ɗauka. Su a wurinsu maganin abin shi ne kada a fita sam: daga gida sai shago, daga shago sai masallaci, in Sallah ta zo a hau mota a tafi gida. Ni kuwa a ganina wannan zaman shi ya kai mu inda muke. Samarin da suka tare ni ba su taɓa ganin Bahaushe a wannan hanya ba sai mai tura baro yana neman gwangwani, don haka da suka gan ni abin da ya zo musu ke nan. Mu ma in za mu faɗi gaskiya, mutum nawa a cikinmu ya taɓa zama a ƙofar gidan Ibo ya sha ruwa ba don ciniki ba? Shekara saba'in da zuwan kakana, jikansa bai san abin da ke kilomita goma daga ɗakin da aka haife shi ba. An ce baƙo raɓa ne, to wanda aka haife shi a gari, aka haifi ƙannensa, aka binne kakansa a maƙabartar garin, har yaushe zai ci gaba da zaman raɓa?

Sai maganar ƙarfe, wadda na san za ta sosa wa wasu rai. Sana'ar gwangwan sana'a ce ta halal, tana ciyar da gidaje da yawa a nan da can gida, kuma yawancin masu yin ta ba su taɓa taɓa dogo ba. Na kuma san ba yaro mai baro ke kwashe kilomita guda na layin jirgi ba. A watan Mayun 2021 'yan sanda a Jihar Nasarawa sun kama mutane da dama bisa zargin satar ƙarafan wannan layi namu na Gabas, cikinsu har da wani mai ba gwamna shawara. Wannan ya nuna maka girman masu hannu a harkar. Duk da haka, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Dogo ba ya ɓoyuwa, duk wanda ya gan shi a kan sikeli ya san daga ina ya fito. Wanda ya auna shi ya biya kuɗi ya san abin da ya saya. Mu 'yan wake mun fi kowa sanin cewa wake ɗaya ke ɓata gari. Ribar da mutum ɗaya zai ci a kilo ɗari na dogo, mu duka muke biyan ta da mutuncinmu, wata rana ma da jininmu.

Kuma ko da babu zancen zargi, ku duba asarar da muke yi wa kanmu. Wa ya fi mu buƙatar jirgin nan ya dawo? Duk buhun wake ko gurjiya da ke shagon Baba a kan tirela ya zo, ya biya kuɗin gas, ya biya a shingaye, ya kwana a hanya in mota ta lalace, kuma duk wannan a kan farashi yake ƙarewa, mai saye ya ce Bahaushe ya cika tsada. Ɗan kasuwar Arewa da ya sayi dogon sata, reshen da yake zaune a kai yake sara.

Da na dawo na yi ta bincike a waya ko akwai inda ake amfani da matattun layukan jirgi, sai na tarar abin har suna gare shi a ƙasashen Turawa. A Amurka, a Jihar Wisconsin, an mai da wani tsohon layi tsakanin garuruwan Elroy da Sparta hanyar keke da ƙafa tun 1967, kusan kilomita 52. A Ingila akwai irinta tsakanin Bristol da Bath, kusan kilomita 21, wadda 'yan sa-kai suka yi aikinta daga 1979 zuwa 1986. Abin da ya fi burge ni shi ne wata doka da Amurka ta yi a 1983. In kamfanin jirgi ya daina amfani da layi, maimakon a yanka filin a raba, sai a damƙa shi amana ga ƙaramar hukuma ko wata ƙungiya, su mai da shi hanyar jama'a, bisa sharaɗin duk ranar da aka buƙaci jirgi ya dawo za a mayar. Hikimar ita ce, ƙarfe ana iya sake sayowa, amma fili mai tsawon ɗaruruwan kilomita in aka gine shi, dawo da shi sai an yi rusau da shari'a da biyan diyya. Mu ma muna da misali a gida: ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos an rufe shi a 1957, yau yara nawa ne a garuruwan da ya ratsa za su iya nuna maka inda ya bi?

Na san wani zai ce, Malam, mu da muke neman na tuwo ina mu ina hanyar shan iska irin ta Turawa? Wani kuma ya ce ai gwamnati ta ce jirgi zai dawo, me ya kawo zancen keke? Amsata ita ce abin da na ce ka riƙe ɗazu. Ban ce a cire dogo a zuba kwalta ba. Abin da idona ya gani shi ne inda ƙafa ke bi ƙarfe ya tsira, inda ciyawa ta rufe an sace. Ashe ke nan 'yar hanyar gefen dogo, in aka share ta aka bar mutane suna bi, ita ce mai gadi mafi araha da hukumar reluwe za ta samu kafin aikin ya iso. Kuma ba shan iska kaɗai ba ne. Leburan da ke zaune Emene yana aiki cikin gari, da ɗalibi, da mai kai saƙo irina, duk za su so hanyar da babu tirela babu tudu, domin shi layin jirgi ba ya son hawa da gangara, a miƙe ake shimfiɗa shi. Ranar da jirgi ya dawo a sa shinge tsakani, kowa ya kama gefensa.

Wancan aikin hukuma ne, filin ma nata ne. Namu da za mu iya tun yau guda uku ne. Na farko, ina roƙon Sarkin Hausawa da shugabannin 'yan gwangwan na kowane gari da ke kan wannan layi su fito fili su ce ba a auna dogo a sikelinmu, wanda aka kama kuma ba wanda zai je belinsa da sunan ƙungiya. Limamai su faɗe shi a huɗuba, domin dukiyar jama'a ce, cin ta haramun ne ko da gwamnati ta yi sakaci da ita. Na biyu, duk wanda ya kafa rumfa a kan layin a cikinmu ya san aro ya yi, kada ya zuba siminti, kada ya sayi fili a hannun wanda ba shi da ikon sayarwa, don kada ranar rusau a ce an zalunce mu. Na uku naku ne samari 'yan uwana. Mu san garin da aka haife mu. Mu fita mu uku ko huɗu, da rana, da sanin iyaye, waya cike da caji, in da hali tare da abokanmu Ibo na makaranta ko na kasuwa. Mu yi gaisuwa a duk ƙofar da muka wuce, wanda bai iya harshen ba ya koyi ko da gaisuwar ce.

Gargaɗi ɗaya ga 'yan uwa na Agege, Sabon Ibadan, Fatakwal da Aba: maganata a kan layin da jirgi ba ya bi ce. Inda jirgi ke aiki kada wanda ya kusanci dogo da keke ko da ƙafa, jirgi ba ya kaucewa kuma birkinsa ba ya kamawa nan take.

Ranar da Baba ya huce, muna zaune a shago bayan azahar, na ba shi labarin dattijon nan da tashoshin da ya lissafa. Ya yi shiru, can sai ya ce a Otukpo kakana yakan sauka ya sayo musu lemo ta taga, abin da bai taɓa faɗa mini ba. Sannan ya auna mudu biyu na wake ya ƙulla a leda, ya ce in na samu abokin tafiya ranar wata Lahadi in kai wa mutumin, in ce ɗan mai rakiyar shanu yana gaishe shi. Na kai, mu uku muka je, kuma a wannan karon Inna ta san inda muke.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya nuna mana ranar da za mu sake jin kukan jirgi a Inugu. Wanda ya ga kuskure a maganata ya yi mini gyara, ni ɗalibi ne. Wassalam.